Kyaftin mai igiya huɗu da tsohuwar Corolla

Wani matashi da ke aikin lodin kaya a filin jirgin sama na Shikago ya aiko da tambaya. Ya ce bas ɗaya ke kwasarsu tare da matuƙa jirgi zuwa wurin ajiye motocin ma'aikata, kuma sau da yawa yakan ga kyaftin mai furfura, da igiya huɗu a kafaɗa, ya sauka ya nufi wata tsohuwar Corolla da rana ta cinye wa fenti, alhali shi mai lodin kaya motarsa ta fi ta kyaftin ɗin kyan gani. Yana son ya sani: rowa ce, ko kuwa albashin da ake ta zuzutawa ƙarya ne? Ya ce abin ya dame shi ne domin shi ma tara kuɗi yake yi ya shiga makarantar koyon tuƙin jirgi.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah Ya sa wa nema albarka. Na shafe fiye da shekara 25 a wannan sana'a, tun daga koyar da ɗalibai a ƙananan jirage har zuwa kujerar hagu, wato kujerar kyaftin, kuma motar da nake zuwa aiki da ita ta haura shekara 15. Ka ga tambayarka ta zo inda ya dace.

Abin da idonka ya gani gaskiya ne, albashin ma gaskiya ne. Bayan yarjejeniyoyin da ƙungiyoyin matuƙa suka ƙulla da Delta da American da United a 2023, babban kyaftin da ke tuƙa jiragen ƙetare teku yana karɓar fiye da dala 400 a kowace awa ta tashi. Irin wannan mutum in ya ga dama sai ya shiga wurin dillalin Mercedes ya biya lakadan ya fito. Sai dai kai a ƙarshen tafiya ka tarar da shi, ba ka ga hanyar da ya biyo ba. Zan kai ka hanyar, amma bari mu fara da filin ajiye motocin, tunda shi ka sani.

Motar matuƙi ta fi zama a kan tafiya. A kamfanonin da ke zirga-zirgar cikin ƙasa, fita ɗaya takan ɗauki kwana uku ko huɗu: ka ajiye mota da asubahin Litinin, ba za ku sake haɗuwa ba sai daren Alhamis. In ka tara, kusan rabin wata tana tsaye a fili, ba rumfa ba inuwa. Kai da ke Shikago ba sai na gaya maka aikin hunturu ba. Dusar ƙanƙara ta binne ta, gishirin da ake barbaɗawa a titi ya manne mata a ciki yana cin ƙarfe, sanyi ya kashe batir. A Phoenix rana ce ke dafa fenti har ya yi furu-furu. A Denver da Dallas ƙanƙara ke sauka kamar jifa, ta lotsa bodi cikin minti goma. Ga kashin tsuntsaye, ga baƙin hayaƙin jirage da ke kwanciya a gilashi, ga abokin aikin da ya dawo ƙarfe ɗayan dare idonsa na rufewa, ya ja jakarsa mai taya ya karce maka ƙofa bai ma sani ba. Wanda ya bar motar dala 70,000 a irin wannan wuri ya bar rabin zuciyarsa tare da ita. Ni kuwa ba na so in kasance ina gangarowa cikin hazo da rai 150 a bayana, wani sashe na hankalina yana kan gilashin mota.

Sabuwar mota kuma darajarta zubewa take yi, ko an hau ko ba a hau ba. Abin da aka saba gani, takan rasa kimanin kashi 20 cikin 100 a shekarar farko, kafin ta cika biyar ta kusan komawa rabin kuɗinta. In da bashi ka ɗauka, banki zai tilasta maka cikakkiyar inshora. Tsohuwa ta riga ta gama faɗuwarta, inshorarta kaɗan ce, in an karce ta ba ka da asara. Biyan ɗaruruwan daloli kowane wata a kan abin da ke kwana a fili rabin rayuwarsa, lissafi ne da ba ya fita.

Wata motar ma da ka gani ba ita ce motar gidan mutumin ba. Matuƙa da yawa a Amurka ba a garin da tasharsu take, wato filin jirgin da suke fara aiki daga gare shi, suke zaune ba. Kamfani yakan buɗe tasha yau ya rufe ta bayan 'yan shekaru, kuma ba wanda zai yi ta kwasar mata da yara daga makaranta zuwa makaranta. Sai mutum ya bar iyali a Atlanta yana aiki daga Niyok, yana bin jirgi zuwa wurin aiki a duk kujerar da ta rage, in babu ya zauna a 'yar kujerar naɗewa ta ɗakin tuƙi. A garin aikin sukan haɗa kuɗi su kama gida ɗaya, a jera gadaje masu hawa biyu, kowa ya kwana ya wuce. Unguwar Kew Gardens a Niyok, tsakanin filayen JFK da LaGuardia, ta yi suna da irin waɗannan gidaje. A filin jirgin Los Angeles har an yi shekaru ma'aikatan jirage suna kwana cikin motocin ɗaki a wani sashe na filin ajiye motoci. Mai irin wannan rayuwa yana buƙatar mota ta biyu wadda aikinta kawai ta kai shi daga gidan haɗaka zuwa filin jirgi, tafiyar kilomita kaɗan. Ita ce muke kira motar filin jirgi. Wani lokaci mutum uku ko huɗu ne suka mallake ta, in an yi wa ɗaya canjin tasha ya sayar da kasonsa ga sabon zuwa. Ta iyali tana can gida a gareji, kuma mai yiwuwa ta fi wannan nesa ba kusa ba.

Wannan duk dalilan fili ne. Babban dalilin shi ne kuɗin matuƙi a makare yake zuwa, kuma in ya zo bai da tabbacin zama.

A Amurka, daga ranar da ka fara zama a jirgi zuwa ranar da ka kammala lasisin kasuwanci da na koyarwa, abin da za ka kashe yana kusantar dala 100,000, kuma mafi yawan mutane bashi suke ci. Da awa 250 ake samun lasisin kasuwanci, amma a yau kamfanin jigilar fasinja ba zai ɗauke ka ba sai ka tara awa 1,500, sai dai tsofaffin sojoji da masu digirin fannin da aka ɗan sassauta wa. Tazarar nan da koyarwa ake cike ta, shekara ɗaya da rabi ko biyu kana zaune gefen ɗalibi, ana biyanka awoyin da kuka yi aiki kawai. Ranar da gari ya waye da hadari, ba tashi, ba kuɗi. Ko a manyan kamfanoni ma agogon biya yana fara gudu ne in an rufe ƙofa an saki birki, ya tsaya in an isa. Doka kuma ta hana wuce awa 1,000 na tashi a shekara, saboda haka in ka ji kuɗin awa ɗaya kada ka ninka shi da awoyin ma'aikacin ofis.

Bayan koyarwa sai ƙananan kamfanonin yanki, masu kwaso fasinja daga ƙananan garuruwa su miƙa wa manya. A zamaninmu sabon mataimakin matuƙi a can yana tashi da kusan dala 20,000 a shekara. Jama'a ba su san haka ba sai da jirgin Colgan Air mai lamba 3407 ya faɗi kusa da Buffalo ranar 12 ga Fabrairu, 2009, mutum 50 suka rasu. Bincike ya nuna mataimakiyar matuƙin tana samun kimanin dala 16,000 ne a shekara, tana zaune a gidan iyayenta kusa da Seattle, kuma daren da ya gabata a hanya ta kwana, cikin jiragen dakon kaya, ta ratsa ƙasar daga wannan gaɓa zuwa waccan don ta kama aiki a Newark. Wannan hatsari ne ya jawo dokar 2010, wadda ta haifi sharaɗin awa 1,500 da ya fara aiki a 2013. Albashin kamfanonin yanki ya gyaru sosai daga 2022, yaran yau suna karɓar kusan ninki huɗu na abin da muka karɓa, kuma ina taya su murna da zuciya ɗaya. Amma mai furfurar da ka gani ba ɗan yau ba ne. Ƙuruciyarsa a wancan ƙuncin ya yi ta, yana biyan bashin makaranta, yana dafa taliyar leda a gidan haɗaka. Hali zanen dutse ne. Wanda ya yi shekara goma yana ƙirga kowace dala ba ya manta ƙirga don albashi ya ƙaru.

Sai abin da mutanen waje ba su cika fahimta ba, wato lamba. Ranar da kamfani ya ɗauke ka za a sa ka a jerin matuƙa, daga wanda ya fi kowa daɗewa har zuwa ɗan auta. Lambar nan ita ke yanke irin jirgin da za ka tuƙa, kujerar dama ko ta hagu, tashar da za ka zauna, ko za ka yi Sallah a gida ko a otal. In za a rage ma'aikata, daga ƙasa ake fara yanka. Kuma ba ta binka zuwa wani kamfani. Likitan da ya yi shekara 20 in asibitinsa ya rufe, zai shiga wani asibitin a matsayin likita mai shekara 20. Kyaftin da ya yi shekara 20 in kamfaninsa ya mutu, ƙasan layi zai koma, kujerar dama, albashin shekarar farko, yana karɓar umarni daga wanda bai fara makarantar firamare ba lokacin da shi ya fara tashi. Braniff ya durƙushe a 1982. Eastern ya rufe a Janairun 1991, Pan Am ya bi shi a Disambar shekarar, kamfanin da a da ko yaro ya san tambarinsa. Waɗanda suka koya mana tuƙi da idonsu suka ga waɗannan, wasunsu ma a kansu abin ya faɗa.

Ni ma na ɗanɗana nawa. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, kamfanin da nake wa aiki ya aiko mini da takardar dakatarwa. Ban yi laifin komai ba, lambata ce ke ƙasa. Na koma koyarwa, na yi aikin dare a wani wurin ajiyar kaya, ina jiran a kira ni. Abin da ya cece ni shi ne babu wanda ke bina kuɗin mota. Wani abokina da muka shiga aiki rana ɗaya ya ɗauki sabuwar jif da bashi 'yan watanni kafin nan, kuma ina tsaye a ƙofar gidansa aka zo aka ja ta, yaransa suna kallo ta taga. Har yau in na ga sabon mataimaki yana nuna hoton motar da zai saya, fuskar mutumin nan nake gani. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Na sama ma ba su tsira ba. An soke tsarin fanshon matuƙan US Airways a 2003, na United ya bi baya lokacin da kamfanin yake gaban kotun fatara, na Delta a 2006. Hukumar gwamnati mai lamunin fansho ta karɓi nauyin, amma abin da take biya yana da iyaka, kuma cikakken kason sai ga wanda ya yi ritaya yana ɗan shekara 65. Matuƙi kuwa a lokacin doka ce ta tilasta masa sauka a 60, sai aka yanke masa kamar shi ya zaɓi tafiya da wuri. Kyaftin Sullenberger, wanda ya sauke jirgi a kogin Hudson a Janairun 2009 mutum 155 suka fita da rai, ya tsaya gaban majalisar dokoki wata guda bayan haka ya shaida cewa an zaftare masa kashi 40 cikin 100 na albashi, an kuma soke fanshonsa. A Disambar 2007 aka ɗaga shekarun ritaya zuwa 65, abin da ya taimaki manya su ɗan farfaɗo, amma ya tsayar da layin ƙarin girma cak har shekara biyar ga na ƙasa. Aka shiga matsin tattalin arzikin 2008. Da aka fara numfashi sai korona ta zo a 2020, fasinjojin duniya suka ragu da kimanin kashi 60 cikin 100, jirage suka jeru a hamada an toshe musu injuna. Duk wanda ya kai shekara 25 a sana'ar nan ya ga ƙasa ta tsage a ƙarƙashinsa sau biyu ko uku.

A gida ma ba baƙon labari ba ne. Kamfanin Nigeria Airways ya daina tashi a 2003, kuma sai a 2018 gwamnatin tarayya ta saki kimanin naira biliyan 22 daga cikin sauran haƙƙoƙin tsofaffin ma'aikatansa, bayan da dama sun rasu suna jira. Okada, Kabo, Chanchangi, Bellview, Sosoliso: mun ga jiragensu a Kano da Kaduna da Legas, yau sai labari.

Ko kamfani yana tsaye da ƙafafunsa, aikin yana rataye ne a kan takardar likita. A Amurka matuƙin jigila yana sabunta gwajin lafiya duk shekara, in ya kai 40 kuma duk wata shida, da awon bugun zuciya sau ɗaya a shekara. Ciwon zuciya, farfaɗiya, suman da ba a gano dalilinsa ba, kowanne yana iya sauke ka daga jirgi na watanni ko har abada. Akanta mai hawan jini zai sha magani ya koma teburinsa washegari, mu kuwa sai likitan hukuma ya sa hannu. Ga jarrabawa a na'urar kwaikwayon jirgi, inda za a kashe maka inji ana tsakar tashi a ga yadda za ka yi. Sannan ranar da ka cika 65 ka gama tuƙa jirgin fasinja, ko da kana jin ƙarfi kamar ɗan 40. Shekarun babban albashin ba su da yawa, kuma daga cikinsu za ka biya abin da ya wuce, ka kuma tanadi abin da ke gaba. Shi ya sa kuɗin ke tafiya asusun ritaya, inshorar rasa lasisi, gida da karatun yara.

Akwai kuma wani abu da sana'ar take dasa wa mutum game da inji, kuma a ganina shi ya fi komai bayyana Corollar nan. Mu ba ma tsoron tsufa. Jirgin Cessna 172 da akasarinmu muka koya da shi an fara ƙera shi a 1956, kuma da yawa daga waɗanda ke ƙananan makarantu na shekarun 1970 ne, sun girmi ɗaliban da ke cikinsu. Delta bai ajiye jiragensa na DC-9 ba sai a Janairun 2014, suna da fiye da shekara 30. Jirgin yaƙi na B-52, na ƙarshe ya fito daga masana'anta a 1962, har yau suna tashi. In an miƙa mini jirgi ba shekarar haihuwarsa nake fara tambaya ba. Littafinsa nake buɗewa: awa nawa ya yi, sau nawa ya tashi ya sauka, wa ya duba shi, yaushe, me aka canza. Ƙaramin jirgin haya ana duba shi duk awa 100, injinsa kuma a kwance shi a sake ɗaurawa a kusan awa 2,000. Babban jirgi yana da nasa matakan, har zuwa babban gyaran da ake yi bayan shekaru, inda ake kwashe kujeru da bene a bar ƙarfe tsirara ana bin kowane haɗi. Mutumin da ya saba amince wa jirgi mai shekara 25 ya ɗauke shi sama da teku cikin dare, ba zai ga dalilin jefar da mota don ta cika shekara 12 ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma mun san inda tsufa ke kashewa, kuma an koya mana da jini. A Afrilun 1988 wani Boeing 737 na Aloha yana sama da tsibiran Hawaii, a ƙafa 24,000, sai rufin gabansa ya yage ya tashi. Ma'aikaciya ɗaya ta rasu, matuƙan suka sauke sauran a Maui fasinjoji suna kallon sararin sama. Jirgin shekararsa 19, ya yi tashi da sauka kusan 90,000, kuma tsatsa da ƙananan tsage-tsage sun daɗe suna cinsa ba a gano ba. Darasin da aka ɗauka shi ne tsohon jirgi yana buƙatar ido fiye da sabo, aka kuma sake tsarin duba tsofaffin jirage gaba ɗaya. Wannan shi ne bambancin tsohuwar mota da akwala.

A kowane jirgin fasinja akwai kundin da ya fayyace abubuwan da za a iya tashi ko da sun lalace, da sharaɗi da wa'adin gyara. Fitilar karatu ta wata kujera ta mutu, tukunyar kofi ta ƙi zafi, a rubuta a tafi. Tsaga a fiffike ko yoyon mai da ya wuce ƙa'ida, ba inda za a je. Shekara da shekaru kana rarrabe lalacewa gida biyu haka, sai ka wayi gari kana yi wa motarka irin wannan hukunci ba tare da ka yi niyya ba. Fenti ya koɗe, rediyo ya daina kamawa, kujera ta yage: a rubuta a tafi. Taya, birki, baƙin mai, ruwan lagireto, fitilu: waɗannan ba a ɗaga musu ƙafa. Ni ina da ɗan littafi a aljihun mota da nake rubuta ranar kowane juye da kilomitar da aka yi shi, kuma kafin doguwar tafiya nakan zagaya ta kamar yadda nake zagaya jirgi, in duba iska, in leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Gobe in kun sauka daga bas, ka saci kallon tayoyin Corollar nan. Ina kyautata zaton za ka tarar sun fi fentin lafiya. In kuwa ka ga sun suɗe, to wannan sakaci ne, kuma ba na kare shi. Akwai irinsu a cikinmu, kuma abin kunya ne ga mutumin da ba zai karɓi jirgi da irin wannan taya ba ya hau babban titi da ita, tare da iyalan mutane.

Maganar sha'awa ba ta da tsawo. Boeing 737 yana barin ƙasa da gudun kusan kilomita 270 a awa, a sama yana wuce 800. Wanda ke yin wannan sau uku ko huɗu a rana ƙishirwar gudu ta riga ta kwanta masa. Masu son inji har cikin rai kuwa sau da yawa ƙaramin jirgi suke saye, tsohon Cessna ko Piper, kuma hayar rumfarsa da mai da duban shekara suna lashe kuɗin sabuwar mota ba tare da kowa ya gani a titi ba.

Kada ka ɗauka kowa haka yake. A wannan filin da kake aiki za ka ga Tesla da Porsche da manyan a-kori-kura sababbi fil, yawanci na yaran da suka shigo bayan albashi ya gyaru, waɗanda ba su taɓa karɓar takardar dakatarwa ba, Allah kuma Ya sa kada su karɓa. A Dubai kamfanin Emirates mota yake aikawa ta ɗauko matuƙi daga gida ta mayar da shi, saboda haka maganar motar filin jirgi ba ta taso ba. A wajenmu kuma mota tufa ce. Baturen da ke da miliyoyi zai hau tsohuwar mota ba wanda zai ɗaga kai, amma kyaftin ya je ɗaurin aure a Kano da mota mai koɗaɗɗen fenti, kafin a watse an fara raɗa ko karyewa ya yi. Duk da haka da yawa daga abokan aikina na gida 'yar Beljiyam suke hawa, mai tsafta, kuɗin kuma yana fili da gini da ɗawainiyar dangi, domin albashin matuƙi ɗaya a wajenmu gidaje da yawa yake ciyarwa. Yaron da ya fito daga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, da lasisinsa da awoyi kimanin 200, yana da sauran horon takamaiman jirgi a gabansa, wanda da dala ake biya, sannan jiran aiki. Shi ma ba mota ce a ransa ba.

Tunda ka ce tara kuɗi kake yi, ga abin da zan gaya wa ƙanena na ciki ɗaya. Motar da kake da ita, in ka gama biyanta ka riƙe ta, in kuwa da sauran bashi mai nauyi a kanta ka yi tunanin sauya ta da wadda za ka biya gaba ɗaya, domin bashin makaranta kaɗai ya ishe ka ɗauka. Kafin ka ba kowace makaranta ko dala ɗaya, je wurin likitan da FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ta amince da shi ka nemi gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Makaranta za ta iya karɓarka da mai daraja ta uku, wanda ya yarda da gani mai ɗan rauni, 20/40 a ma'aunin ido, alhali aikin jigila sai cikakken gani, 20/20, ko da da tabarau ne. Gara ka san matsayinka tun kuɗinka yana aljihu. In kuma ba ka riga ka zama ɗan ƙasa ba, sai TSA, hukumar tsaron sufuri ta Amurka, ta tantance ka kafin ka fara horo, saboda haka ka shigar da takardun da wuri. In takardar likitan ta fito, ka sake rubuto mini mu yi maganar makarantun da ke kusa da kai da yadda za ka haɗa karatun da aikin lodin.